Tsohon Da Ke Kunna Fitila Da Rana Tsaka

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Wannan ba mai ja da shi, ni ma ban ja ba. Abin da nake ja da shi shi ne maganganun da na ji a gidanmu ranar addu'ar uku ta Baba, mahaifin maigidana, ina durƙushe gaban murhu ina tuƙa tuwon baƙi.

An kafa rumfa a kan layi, an jera kujerun roba har bakin kwata. Mai wa'azi ya karɓi lasifika ya ce marigayi mutum ne mai sanyin hali, mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na ɗaga kai na dubi Goggo, ƙanwar Baba. Ita ma ta dube ni, ta ja mayafi ta toshe baki. Wanda ya gan ta zai ce kuka take yi.

Cikin mata kuwa wata ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma dai idanunmu sun huta." Wata ta amsa mata, "Ki bari kawai, tsufa ne. Na wani da ciwon gwiwa yake zuwa, na wani da gigi." Wadda ta yi kukan gaskiya ita ce maƙwabciyarmu Batoniya, 'yar asalin Kumasi, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, a bakin titi. Ta shigo da baƙin zaninta, ta riƙe hannun Goggo, ta kira Baba da sunan da suke kiran Musulmi, ta ce da Hausarta, "Papa Kramo, fitila nashi ya shiga ido na kullum, ni ina zagi shi, shi yana dariya. Yau safe ba kowa ya shiga ido na." Ta zauna a kan turmi ta yi ta rusa kuka.

To ku ji, 'yan zango. Wanda kuka binne a maƙabartar Tafo ba mai sanyin hali ba ne, kuma bai yi gigi ba har ya koma ga Allah. Kada ku wanke shi da ruwan sanyi har ya zama wani mutum dabam. Ni na zauna da shi gida ɗaya tun ina amarya, kuma Amarya ya ci gaba da kirana har 'ya'yana suka fi ni tsawo. Zan faɗi yadda yake.

Baba ya yi fataucin goro da ƙuruciyarsa. Da ya bari, sai ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Kullum da hantsi zan cika masa kula da koko, in ƙunshe ƙosai, ya rataya a keke ya nufi babban asibitin da ke wajen Bantama. Ba danginsa yake dubawa ba. Mutanenmu na arewa yake nema, waɗanda aka kawo daga nesa, ba su jin Tonanci, yaren garin, ba su da kowa a Kumasi. Ya kan ce, "Ciwo a garin da ba a jin maganarka, ciwo biyu ne." In na ce, "Baba, yau hadari ya haɗo, ku bari ya wuce," sai ya ce, "Mai ciwo ya san da hadari? Cikinsa ya sani."

A wannan hanyar trotro, motar hayar cikin gari, ta banke shi, kusa da Kejetia, rana tana tsaka. Allah ya taƙaita, kafaɗa ce ta goce, sai ƙuje-ƙuje. Amma ba kafaɗar ce ta dame shi ba. Direban ya sauko yana yarfa hannu yana cewa, "Papa, manhu wo," wato ban gan ka ba. Wannan kalma Baba ya kwanta da ita, da ita ya tashi. Ina kawo masa ruwan zafi zan ji yana magana shi kaɗai: "Bai gan ni ba. Da farar rigata, da jar hulata, da tsawona. Na zama iska ke nan."

Yana kwance Yaya Alhaji, babban ɗansa, ya ɗauke keken ya kai shagonsa ya sa masa sarƙa. Yaya ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Tsoro ya ji, kuma shi mutum ne da kunyar mutane ta yi masa yawa. Ya ce yana da mota, ubansa yana yawo a keke, me za a ce da shi a masallaci?

Ranar da Baba ya iya ɗaga hannu, ya sa aka kira Yaya da Goggo zaure. Ni ina bayan labule ina tsince shinkafa.

Baba ya ce, "Ina kekena?"

"Baba, ka huta. Duk inda kake so, a kai ka."

"A kai ni? Ni buhun goro ne?"

"Ba a ganin ka a hanya, Baba. Kai ma ka ji abin da direban ya ce."

Har na zaci Baba ya sakar masa. Sai ya ce, "To. In na yi yadda kowa zai gan ni, ko makaho ne, za ka ba ni kekena?"

Yaya ya yi dariya ya ce zai bayar. Ya ƙara da cewa, "Amma ranar da ba abin da zai sa a gan ka, ranar ba keke." Baba ya ce ya yarda, Goggo ta zama shaida. Wannan alkawarin shi ya riƙe gidanmu har ƙarshen ran Baba.

Yaya ya zaci 'yar tocila zai sayo, a yi dariya a wuce. Baba ya tafi Alabar wajen masu kekunan gwanjo da ake saukewa daga kwantena, ya yini yana tona kwali. Ya dawo da wata aba da ban taɓa ganin irinta ba. Kanta bai fi ƙaramin kofin shayi ba, da wani ɗan akwati a jikin wayar, da batir mai siffar gorar ruwa, mai nauyi kamar dutsen guga. Mai kayan ya gaya masa irin fitilar nan ce ta manyan motoci masu kashe ido, aka ƙanƙanta ta don masu tseren keke a daji. Ƙwanta ba shi da zaren nan da muke gani a ƙwan ɗaki, iska ce a ciki wuta ke ratsawa.

A tsakar gida ya gwada ta, da la'asar. Ya danna, ba ta kawo nan take ba. Sai da ta yi wani ƙis-ƙis, ta soma kuka siriri kamar sauro a kunne, ta kawo wani shuɗi-shuɗi mara ƙarfi. Yaya ya ce, "Shi ke nan?" Bai rufe baki ba ta fara hawa, tana fari, tana fari, har inuwar igiyar shanya ta fito a bango, da rana fa. Kajin Goggo suka watse. Yaya ya kare fuska da hannun riga yana "Kashe, kashe!" Baba ya ce, "Ka gan ni?" Ya ce ya gani. "To kawo makulli."

Tun daga ranar, Baba bai ƙara fita ba sai da ita a kunne, ko rana tana narka kwalta. Yaran layi suka sa masa Mai-Rana-Biyu. Direbobi suna leƙo kai suna ihu da Tonanci wai tsoho fitilarka na kunne, shi kuma ya ɗaga musu hannu ya ce, "Na gode, da ka ga fitilar ai ka ga mai ita." Cajin batirin ya zama aikina. Lokacin da wuta ta riƙa yi mana wasan ɗauke-kawo, in an kawo ta kowa wayarsa yake rugawa ya soka, ni kuwa gorar Baba ce farko, kuma ba wanda ya isa ya zare ta, ko maigidana.

Fitilar nan tana da hali, kuma halinta ya zo daidai da na mai ita. In an kashe ta da zafinta, ba ta yarda a sake kunna ta nan da nan, sai ta huce, in ba haka ba ƙwan ya lalace. Don haka in Baba ya kunna a ƙofar gida, ba ya kashewa sai ya isa. Ga shi kuma a zango, unguwarmu ta Hausawa, ba ka wuce mutum a kan keke, sai ka sauka kun gaisa. Lungunanmu kun san su, matsattsu ne, rufin kwano ya haɗe sama, ko da rana da duhu-duhu. Mutum ya tsaya gaban wannan aba a lungu, hawaye yake yi.

Sai Baba ya samo dabara. In ya sauka gaida mutum, sai ya karkata kan keken ya fuskanci bango. Amma ba kowa yake yi wa ba. Nan da nan zango ta gane karatun: in ya juya maka ita bango, kana da mutunci a wurinsa, in ya bar maka ita a fuska, je ka binciki kanka. Tsofaffi mata, bango. Masu dako, bango. Yaro ma in ya gaishe shi da ladabi, bango. Akwai wani mai shagon atamfa a bayan layinmu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yana kwance a asibiti bai taɓa leƙa shi ba. Baba ya tare shi a lungu, ya saita masa ita tsakanin idanu, ya soma gaisuwa irin ta mutanen da.

"Ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Ina kasuwa? Yaya uwargida? Yaya ƙafar nan taka, ta saki?"

Mutumin yana amsawa yana matse ido, hawaye na bin gemu, ga kunya ba ta barin shi ya wuce dattijo.

"Madalla. Ina ƙaninka? Au, na manta, ni ya kamata ka tambaya."

Washegari da Baba ya isa asibiti ya tarar da shi a bakin gado, da lemo a leda.

Ba zan ce kullum yana da gaskiya ba. Ya taɓa barin ta a fuskar wani ladani saboda kawai yana jan kiran salla da yawa. Hali zanen dutse. Shi kansa Yaya ya sha ta a fuska, ranar da ya zo da wata sabuwar magana wai mutane na ƙorafi. Baba ya ce, "Da ba a gani na, ka ce matsala. Yanzu ana gani na, ka ce matsala. Kai dai so kake in zauna a zaure kamar tsohuwar tabarma, mai shiga ya taka, mai fita ya taka."

Ni na fara sanin ƙwan ya kusa mutuwa, don kukanta ya sauya. Da siriri ne, ya koma yana kakkatsewa. Hasken ma ya daina fari, ya koma ja-ja kamar ruwan zoɓo da aka tsinka. Na ga Baba ya riƙa shafa kanta da gefen rawani kafin ya danna. Wata safiya ya danna, ta yi ƙis, ta yi ƙis, shiru.

Kafin azahar Yaya ya zo da sarƙarsa. Bai yi murna a fuska ba, gaskiya, amma bai yi jinkiri ba. Baba da kansa ya turo masa keken har ƙofa ya ce, "Alkawari ne. Ɗauka."

Maigidana ya zagaye Alabar, ya zagaye Kejetia. Kowa ya ce irin wannan ƙwan an daina kawo shi, zamaninsa ya wuce. Ya dawo da 'yan ƙananan nan na yanzu da ake caji da wayar salula, ya ce, "Baba, ai fitila fitila ce, ka sa wannan a ba ka kekenka." Baba ya fita da ita tsakiyar rana ya kunna, ya kira ni.

"Amarya, daga nan inda kike, kunne take ko kashe?"

Na ce, "Baba, sai na matso."

Ya miƙa wa maigidana abarsa ya ce, "Direba ba ya matsowa sai ya taka ka. Na ce zan sa a gan ni. Ba zan karɓi kekena da ƙarya ba."

Kwanakin da ya yi a zaure, ba na son tuna su. Mutumin da ke cinye tuwo ya nemi ƙanzo, ya koma ina ɗauke kwano kamar yadda na ajiye. Rediyonsa ma ya daina kunnawa. Maigidana ya kai kokon asibiti a babur na ɗan lokaci, amma shi bai san wa zai ba ba, sai ya ajiye wa masu jinya ya juyo.

Ana nan sai ga wata mata ta yi sallama, 'yar can arewa, da goyo, ƙafafunta duk jar ƙasa. Tambaya ta yi ta yi har aka nuno mata gidanmu. Ta ce mijinta na kwance, kuma tun a motar da ta kawo su wata ta gaya mata, in kin isa ki tsaya a bakin ƙofar asibiti da hantsi, za ki ga wata fitila tana tahowa cikin rana, ki yi wa mai ita Hausa, zai san yadda za a yi. Ta ce ta tsaya har ta gaji da tsayuwa, ba ta ga fitila ba.

Baba ya ce ta zauna. Ya sa na zuba mata abinci, ya haɗa ta da maigidana. Da suka fita ya ce, "Amarya, miƙo min matacciyar nan." Ya sa ta a aljihun babbar riga, ya ɗauki sanda. Ranar ce ya fara shiga trotro tun da ta banke shi. Magazin ya nufa, wajen masu gyaran wayar mota.

Abin da ya dawo da shi, sai da mutum biyu suka rakiyo shi. Mai waya ya ce ƙwan keke babu, amma na mota irinsa yana nan, yayan wancan. Ya dasa shi a cikin wani kan fitilar babur, ya haɗa masa akwatinsa, da batir baƙi mai nauyin yaron goye. Aka kira Yaya, aka kira Goggo. Da aka danna, ta yi kukanta, ta hau, ta hau, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko walda ake yi.

Yaya ya ce, "Wannan ai ba fitilar keke ba ce! Wannan ta mota ce!"

Goggo ta gyara zama ta ce, "Ni ce shaida, kuma kunnena ƙalau. An ce abin da zai sa a gan shi. Ba a ce na keke ko na jirgi ba. Kana ganin sa ko ba ka gani?"

Baba ya miƙa hannu kawai. Makulli ya faɗo ciki.

Sai dai batirin nan ya zo da nasa. An ɗaure shi da roba a kariya, wajen ɗora kaya na bayan keke, ya sa keken ya yi nauyin baya, ga Kumasi ba garin shimfiɗe ba ne, hawa da gangara ne. Gwiwoyin Baba kuma sun riga sun sha zaman zaure. Da farko a hawa kawai yake sauka ya tura. Daga baya ya zamana turawar ta fi hawan yawa. A ƙarshe ya daina ɗora ƙafa a feda sam, ya riƙa fita tun da sauran sanyin safiya, yana tafe yana tura keke, kula na lilo a hannun keken, fitila na ci. Masu cewa gigi, wannan suka gani. Na ce masa, "Baba, ku bar batirin nan mana, ku ɗauki kular a hannu." Ya ce, "In na bar batir na bar fitila, in na bar fitila na bar keke, in na bar keke ɗana ya ci ni. Kuma wadda ke tsaye a ƙofar asibiti me za ta hango?"

Fitarsa ta ƙarshe, ban gani da idona ba. Daga bakin Yaya na ji, yana ba Goggo labari a ɗakinta bayan an watse daga jana'iza.

Ya ce yana cikin mota zai je wani sha'ani, sai ya hango hasken a gindin hawan nan kafin Bantama, ba ya gaba ba ya baya. Baba ne tsaye, ya jingina ƙirji da sirdi yana haki. Yaya ya faka, ya fito da shaddarsa mai sitaci, ya ce, "Baba, don girman Allah shiga mota. A sa keken a but, in kai ka har ƙofa."

Baba ya ce, "Matsa, kana tare min hanya."

"Ba ƙwacewa zan yi ba, wallahi."

"Na sani. Ba ka da hujja. Kunne take."

Yaya ya ce suna nan tsaye, motoci na ta yi masa hon. Sai ya kulle motar ya bar ta nan, ya naɗe hannun riga, ya kama kariya ta baya. Baba ya waiwayo ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Riƙewa na yarda. In na ji ka tura, ka koma motarka."

Haka suka hau, uba a gaba, Alhaji a baya, mutanen da yake jin kunya suna wucewa suna kallo. Ya ce wa Goggo, "Na tura, Goggo. Tun daga ƙasa har sama ni na tura, kuma ya sani." Baba bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Da suka isa ƙofa ya sauke kular, ya ce masa, "Tsaya nan ka tsare. Duk wanda ya yi maka Hausa, ka ce ina fitowa."

Abin da na gani da idona shi ne dawowarsu. Yaya ya shigo shaddarsa jiƙe sharkaf, da baƙin man sarƙa a gefen wando. Baba ya jingina kekensa a inda ya saba, da hannunsa, ya zare waya, ya miƙo min kula. Fuskarsa ta faɗa, amma idon nan yana ƙyalli. Ya ɗaga murya yadda ɗansa zai ji, ya ce:

"Amarya, gobe ki ƙara kokon. Na samu ɗan dako."

Na ƙara. Da na je gaishe shi da safe, na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, ba a amsa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe masa na ladani ma. Allah ya ba Goggo da 'ya'yansa haƙurin rashi. Allah ya sa ya huta, in dai ya yarda ya huta.